Tarihin Lord Keynes, Wanda Ya Binciki Asalin Rashin Aiki

An haifi John Maynard Keynes a garin Kambirij na ƙasar Ingila ran 5 ga watan Yuni, 1883. Gidansu gidan malamai ne, ubansa yana koyarwa a jami'ar garin. Ya karanta lissafi, ya yi shekara biyu yana aiki a Ofishin Indiya a London, sa'an nan ya koma Kambirij yana koyar da ilmin tattalin arziki.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Farko, yana cikin wakilan Baitulmalin Ingila a taron sulhu na Faris cikin 1919. Da ya ga irin diyyar da aka ɗora wa Jamus, sai ya ajiye aiki, ya rubuta littafi ya nuna ba za ta iya biya ba, kuma talaucinta zai shafi maƙwabtanta.

Amma abin da ya sa ake tunawa da shi ya zo daga baya. Cikin 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi, ciniki ya mutu ko'ina a duniya. Kafin 1933, a Amurka cikin ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aiki, a Ingila kuwa marasa aiki sun kusa miliyan uku. Abin har Kano ya iso, kuɗin gyaɗa ya faɗi, haraji ya yi wa manomi nauyi.

Yawancin malaman zamanin sun ɗauka kasuwa ita ke gyara kanta, wai in an rage ladan ma'aikata, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aiki zai komo. Keynes ya ƙi wannan a babban littafinsa na 1936. Hujjarsa ita ce, abin da wani ya kashe shi ne samun wani. In an sallami ma'aikacin masaƙa, ya daina sayen takalmi, mai takalmi ya sallami yaronsa, yaron kuma ya rage cefane. Rage lada sai ya ƙara rage masu saye. Attajiri kuwa ba zai gina masana'anta ba, ko da bashi ya yi araha, muddin bai ga mai sayen kayan ba. Tanadi abin yabo ne ga gida guda, amma in kowa ya ƙulle kuɗinsa lokaci ɗaya, gari ya tsaya, masu ƙarfi su zauna ba don lalaci ba.

Maganin da ya kawo shi ne gwamnati ta ci bashi a lokacin ƙunci, ta gina hanyoyi da gidaje, ladan ya zaga kasuwa. In yalwa ta komo, sai ta ja hannu ta rage bashin. Wannan rabi na biyu shi ne masu mulki suka fi saurin mantawa.

Cikin 1942 aka ba shi sarautar Lord. Cikin 1944 ya shugabanci wakilan Ingila a taron Bretton Woods, inda ƙasashe 44 suka yarda da kafa Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya. Ya daɗe yana fama da ciwon zuciya, ya rasu ran 21 ga Afrilu, 1946, yana da shekara 62, bai bar ɗa ba.

Bayan 1970, da tsada da rashin aiki suka haɗu, wasu malamai suka juya wa koyarwarsa baya. Da bankuna suka girgiza cikin 2008, gwamnatocin Amurka da Sin suka zuba kuɗi cikin ayyuka bisa irin shawarar da ya bayar.