John Maynard Keynes (1883–1946): Masanin da Ya Tunkari Matsalar Rashin Aikin Yi

1.0 Gabatarwa

Tarihin rayuwar mashahuran mutane wani reshe ne na rubutun zube wanda ke nuna yadda mutum ɗaya ya yi tasiri a kan zamaninsa, da yadda zamanin ya yi tasiri a kansa. A wannan babi za a kawo tarihin John Maynard Keynes, Baturen Ingila, masanin tattalin arziki wanda ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana neman amsar tambaya guda: me ya sa mutum mai lafiya, mai sana'a, mai son aiki, zai wayi gari ba shi da aikin yi, alhali ga masana'antu a rufe, ga kuma jama'a na bukatar kayan da suke yi? Amsar da ya bayar ta sauya yadda gwamnatocin duniya ke kallon alhakin da ke wuyansu game da ma'aikata.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Keynes ranar 5 ga watan Yuni, 1883, a garin Kambirij na ƙasar Ingila. Mahaifinsa, John Neville Keynes, malami ne a Jami'ar Kambirij, yana koyar da ilimin mantiƙi da tattalin arziki. Mahaifiyarsa, Florence Ada, mace ce mai himma a ayyukan taimakon jama'a, har ta zama magajiyar garin Kambirij a 1932. Ke nan a gidan ilimi ya buɗe ido, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A 1897 ya shiga makarantar Eton, inda ya yi fice a lissafi. Daga nan ya wuce Kwalejin King's ta Jami'ar Kambirij a 1902, ya sami digiri a fannin lissafi a 1905. Bayan haka ne ya zauna gaban Alfred Marshall, babban malamin tattalin arziki na wancan lokaci, wanda ya kwaɗaita masa wannan fanni. A 1906 ya zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati, ya zo na biyu, aka tura shi ofishin da ke kula da harkokin Indiya a Landan. Shekara biyu kawai ya yi a can ya ajiye aikin, ya koma Kambirij ya kama koyarwa. Littafinsa na farko, wanda ya fito a 1913, a kan kuɗin Indiya ya yi magana.

3.0 Yaƙin Duniya na Ɗaya

A 1915 aka kira shi aiki a Baitulmalin Birtaniya, inda ya riƙa kula da basussukan da ke tsakanin ƙasarsa da ƙawayenta. Da yaƙi ya ƙare, ya halarci taron sulhu na birnin Faris a 1919 a matsayin wakilin Baitulmali. Abin da ya gani a wurin bai yi masa daɗi ba, domin ƙasashen da suka yi nasara sun ɗora wa Jamus diyyar da yake ganin ba za ta iya biya ba. Sai ya yi murabus, ya koma gida ya rubuta littafi a kan illar da wannan sulhu zai jawo wa tattalin arzikin Turai. Littafin ya fito a ƙarshen shekarar, aka fassara shi cikin harsuna da dama, sunan marubucinsa ya game duniya. Hujjarsa ita ce, arzikin ƙasashen Turai a sarƙe yake da juna, don haka duk wanda ya talauta maƙwabcinsa ya rage wa kansa masu sayen kaya.

4.0 Shekarun Zaman Kashe Wando

Tun daga 1921 har zuwa ƙarshen shekarun 1920, yawan marasa aikin yi a Birtaniya kusan kullum ya haura miliyan ɗaya. Waɗanda abin ya fi shafa su ne ma'aikatan haƙar kwal da na masaƙu da maƙeran jiragen ruwa. A 1925 Ministan Kuɗi, Winston Churchill, ya sake ɗaure darajar fam da zinariya a kan farashinta na kafin yaƙi, wato dala 4.86 kowace fam. Keynes ya fito fili ya soki matakin. A lissafinsa, an ɗaga darajar fam da kimanin kashi 10 cikin 100, wanda zai sa kayan Birtaniya su yi tsada a kasuwannin waje, masu masana'antu kuma su huce a kan albashin ma'aikata. Haka kuwa aka yi. Masu ramukan kwal suka nemi rage lada da ƙara sa'o'in aiki, abin da ya haifar da yajin aikin gama-gari na kwana tara a watan Mayun 1926. A wannan shekara ta 1925 ne kuma ya auri Lydia Lopokova, 'yar rawar dandamali 'yar asalin Rasha. Ba su sami haihuwa ba.

A watan Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York ta durƙushe, karayar arziki ta mamaye duniya. A 1932 marasa aiki a Jamus sun kai kimanin miliyan 6, a Birtaniya kuma sun doshi miliyan 3. A Amurka, a 1933, kusan mutum ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu ba shi da aiki. Ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ma ba su tsira ba. A Nijeriya ta Arewa farashin gyaɗa ya faɗi warwas, aka kuma rage haƙar kuza a Jos, leburori da yawa suka koma gida hannu rabbana.

Magani da akasarin masana suka bayar a lokacin shi ne haƙuri da tsuke bakin aljihu. A ganinsu, idan aka bar albashi ya sauka, masu masana'antu za su sake ɗaukar ma'aikata da kansu. A kan wannan tunani ne gwamnatin Birtaniya, a 1931, ta zabtare kashi 10 cikin 100 na tallafin marasa aiki, ta kuma rage albashin ma'aikatanta, har da malaman makaranta. Keynes ya yi adawa da wannan mataki ƙwarai, domin a wurinsa ƙara wa majinyaci ciwo ne da sunan magani.

5.0 Ra'insa Game da Rashin Aikin Yi

A watan Fabrairun 1936 ya fitar da babban littafinsa mai suna The General Theory of Employment, Interest and Money, wanda ya tattara ra'insa a kan aikin yi da kuɗin ruwa da kuɗi. Ana iya taƙaita ra'in a matakai uku.

Na farko, kuɗin da wani ya kashe shi ne kuɗin shigar wani. Mai masana'anta yana ɗaukar ma'aikata ne gwargwadon cinikin da yake sa ran yi. Idan aka rage albashin jama'a baki ɗaya, an rage masu sayayya ke nan, ciniki ya ja baya, a ƙara sallamar ma'aikata.

Na biyu, tattali abin yabo ne ga mutum ɗaya, amma idan kowa ya ƙulle aljihunsa a lokaci guda saboda tsoron gobe, 'yan kasuwa kuma suka ƙi zuba jari saboda rashin tabbas, to, ƙasa na iya daɗewa cikin rashin aikin yi ba tare da ta farfaɗo da kanta ba.

Na uku, a irin wannan hali wajibi ne gwamnati ta cike giɓin, ko da ta hanyar cin bashi ne, ta gina hanyoyi da gidaje da makarantu. A nan ya yi amfani da lissafin ɗalibinsa Richard Kahn na 1931. Alal misali, a ƙaddara gwamnati ta biya magini fam 100. Idan ya kashe fam 80 wajen mai shago, mai shago ya kashe 64 wajen tela, aka yi ta tafiya a haka kowa na kashe kashi huɗu cikin biyar na abin da ya samu, jimillar cinikin da fam 100 ɗin za ta haifar za ta doshi fam 500. Idan al'amura suka daidaita, haraji zai ƙaru, sai gwamnati ta rage kashe kuɗi ta biya bashin.

6.0 Ƙarshen Rayuwarsa

A 1937 ciwon zuciya ya kwantar da shi, bai kuma sake samun cikakkiyar lafiya ba. Duk da haka, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya koma Baitulmali a 1940, ya ba da shawarar yadda za a ɗauki nauyin yaƙin ba tare da farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo ba. A 1942 aka naɗa shi ɗan Majalisar Dattawan Birtaniya. A 1944 gwamnatin ƙasar ta fitar da takardar manufa wadda a cikinta ta ɗauki alhakin samar da wadataccen aikin yi mai ɗorewa bayan yaƙi. A watan Yulin wannan shekara ya jagoranci tawagar ƙasarsa zuwa taron Bretton Woods a Amurka, inda ƙasashe 44 suka amince da kafa Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Tsarin da aka amince da shi ya fi karkata ga shawarar Amurka fiye da tasa. A 1945 ya sake jagorantar tattaunawar da ta samo wa Birtaniya rancen dala biliyan 3.75 daga Amurka. Wahalar waɗannan tafiye-tafiye ta ƙarasa raunana shi, ya mutu ranar 21 ga Afrilu, 1946, a gidansa na Tilton da ke yankin Sussex, yana da shekara 62.

7.0 Tasirinsa da Sukar da Aka Yi Masa

Kimanin shekara 25 bayan yaƙi, yawancin ƙasashen Yamma sun bi tafarkinsa, rashin aikin yi kuma ya ragu sosai. A shekarun 1970 ne aka ga tsadar kaya da rashin aiki sun haɗu a lokaci guda, sai ra'ayin masu sukarsa, irin su Friedrich Hayek da Milton Friedman, ya yi ƙarfi. Su suna ganin yawan kashe kuɗin gwamnati hauhawar farashi yake jawowa. Haka kuma, cibiyoyin nan biyu da ya taimaka aka kafa su ne daga baya suka goyi bayan tsare-tsaren tsuke bakin aljihu a ƙasashen Afirka, kamar shirin gyaran tattalin arziki da Nijeriya ta fara a 1986, wanda a zamaninsa ma'aikata da dama suka rasa ayyukansu. Da tattalin arzikin duniya ya sake karyewa a 2008, gwamnatoci da yawa sun koma ga shawarar Keynes.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa Keynes ya yi nazarinsa ne a kan ƙasashe masu masana'antun da ke zaune ba aiki. Ƙasar da ba ta da isassun masana'antu da wutar lantarki, wadda kuma ke sayo yawancin kayanta daga waje, za ta iya kashe kuɗi amfanin ya tafi ga ma'aikatan wata ƙasa.

8.0 Kammalawa

Wannan babi ya kawo tarihin Keynes tun daga haihuwarsa har mutuwarsa, tare da bayanin ra'insa. Babban abin da ya bari shi ne fahimtar cewa mutum na iya rasa aiki ba don lalaci ko gazawarsa ba, kuma hukuma na da abin da za ta iya yi a kai. Malamin gobe zai tarar da 'ya'yan waɗanda aka sallama daga aiki a cikin ajinsa, saboda haka wannan fahimta za ta yi masa amfani.

Tambayoyi

1. Me ya sa Keynes ya yi murabus daga aikin Baitulmali a 1919?
2. Yi bayanin matakai uku na ra'insa game da rashin aikin yi.
3. Kawo suka biyu da ake yi wa ra'in Keynes, ka tattauna su.
4. Zaɓi wani mashahurin mutum daga yankinku, ka rubuta tarihinsa bisa tsarin wannan babi.