Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

An haifi Ladi a Kwali, ƙasar Gwari, wajen 1925, ta tashi da ginin tukwane. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau wani Bature, Michael Cardew, ya ga aikinta. A 1954 ta shiga makarantarsa ta tukwane a Abuja, wato Suleja ta yanzu. Can ta koyi shafe mai ƙyalli da gashi da wuta mai tsanani, amma ba ta yar da ginin hannu da zanen kifi da ƙadangare ba. Aka baje tukwanenta a Landan a 1958, ta zaga Amurka a 1972 tana gwada wa masana sana'arta. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta na bayan takardar naira 20.