Michael Faraday, Ɗan Maƙeri

An haifi Michael Faraday kusa da birnin Landan cikin 1791. Ubansa maƙeri ne, talaka, don haka bai daɗe a makaranta ba. Yana da shekara 14 aka sa shi koyon ɗinkin littattafai. Yakan karance da yawa daga cikin littattafan da aka kawo ɗinki. Cikin 1813 wani masani, Humphry Davy, ya ɗauke shi yaron aiki.

Cikin 1821 ya kafa maganaɗisu tsaye a kwanon zaiba, ya rataya waya, bakinta yana taɓa zaibar. Da ya saki lantarki cikin wayar, sai ta shiga kewaya maganaɗisun ba tsayawa. Dalili kuwa shi ne maganaɗisu yakan tura wayar da ke ɗauke da lantarki zuwa gefe. In an juya lantarkin, ita ma ta juya. Asalin injin da ke juya fanka ke nan.

Ya rasu cikin 1867. To, malaman gobe, kada ku raina ɗan talaka a aji.