Bernardino Ramazzini, likitan da ya fara tambayar marar lafiya sana'arsa

Idan ka taɓa zuwa asibiti da ƙaiƙayi ko tsagewar fata a hannu, likita ya tambaye ka irin aikin da kake yi, to ka sani wannan tambaya tana da tarihi. Wanda ya kafa ta a aikin likitanci shi ne Bernardino Ramazzini, wanda ake kira uban ilimin cututtukan sana'a.

An haife shi a shekarar 1633 a garin Carpi da ke arewacin Italiya. Ya karanci likitanci a Jami'ar Parma, ya kammala a 1659. A 1682 ya zama farfesa a Jami'ar Modena, sannan ya koma Jami'ar Padua a 1700.

Abin da ya karkato da hankalinsa ga lafiyar ma'aikata ya faru ne a cikin gidansa. Wata rana ya ga mai kwasar masai yana aiki cikin matsanancin gaggawa. Da ya bincika, sai ya tarar warin ramin yana ƙona wa mutumin idanu, har sun yi jajir. Daga nan ya lura cewa da yawa daga masu wannan sana'a suna ƙarewa da raunin gani ko makanta, wasu har da bara.

Wannan ya sa ya riƙa shiga wuraren aiki da ƙafarsa, abin da likitocin zamaninsa ke ganin ƙasƙanci ne. A 1700 ya wallafa littafinsa da harshen Latin, De Morbis Artificum Diatriba, wato bayani kan cututtukan masu sana'o'i. Ya faɗaɗa shi a 1713, ya ƙunshi sana'o'i sama da 50, har da masu haƙar ma'adinai, maƙera, masu gina tukwane da masu burodi. Ya nuna cewa cutar ma'aikaci tana fitowa ne ta hanya biyu: abubuwa masu cutarwa da yake taɓawa ko shaƙa, da kuma yanayin da jikinsa ke daɗewa a ciki, kamar tsayuwa ko zama na tsawon lokaci. Bai manta da fata ba, domin ya bayyana yadda ruwan toka ke tsattsage hannayen mata masu wanki. Ya rasu a Padua ranar 5 ga Nuwamba, 1714.

A zamaninsa babu injinan yankan ƙarfe irin na masana'antun yau, amma darasinsa ya shafe ka kai tsaye idan kana aiki da su. Ruwan da ake zubawa don sanyaya ƙarfe yayin yanka yana wanke maiƙon da ke kare fata, sai ta bushe, ta yi ja, ta tsage. Man inji kuma yana toshe kofofin gashi, ya haifar da ƙuraje a hannu da cinya, inda kaya suka jiƙe da mai. Wasu kuma jikinsu ne ke ƙin sinadaran da ake sa wa ruwan don kada ya ruɓe. Babbar alama ita ce ciwon ya lafa lokacin hutu, ya dawo da zarar ka koma aiki.

Saboda haka kada ka wanke hannu da fetur ko kananzir, suna ƙara lalata fata. Yi amfani da sabulu marar ƙarfi, ka busar da hannu, ka shafa mai. Ka canja kayan da suka jiƙe. Sa safar hannu wajen zuba ruwan ko wanke inji, amma ka cire ta kusa da injin da ke juyawa, don yana iya fizgar hannunka. Idan ciwon ya ƙi warkewa, je asibiti, ka faɗa wa likita sana'arka da abin da kake taɓawa kullum, ko da bai tambaya ba.