Bishop Samuel Ajayi Crowther: Bawan da Ya Komo Ya Yi wa Ƙasar da Ta Sayar da Shi Hidima

Da yawa daga cikinmu mun ji sunan Samuel Ajayi Crowther tun muna firamare. An koya mana cewa shi ne baƙin mutum na farko da ya zama bishop a Ikkilisiyar Anglikan, kuma shi ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne yawan cutar da aka yi masa da yadda ya amsa ta. Mahara sun ƙone garinsu, fatake sun sayar da shi kamar dabba, sa'an nan da ya tsufa 'yan'uwansa masu bi suka ci mutuncinsa. A duniya akan ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Shi kuwa wannan bawan Allah ya amsa dukan waɗannan da hidima, shi ya sa muke so mu dubi rayuwarsa.

Yaron da aka musanya da doki

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, cikin jihar Oyo ta yanzu. A lokacin daular Oyo tana rushewa, yaƙe-yaƙe sun cika ƙasar Yarabawa. A farkon 1821, yana da kamar shekara 12, mayaƙa suka auka wa garin da safe. A cikinsu akwai Musulmin Oyo, da Fulani, da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Suka cinna wa garin wuta, suka ɗaure Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata da igiya a wuya. Daga wannan rana bai ƙara ganin mahaifinsa ba.

Ba a jima ba aka raba shi da mahaifiyarsa. An taɓa musanya shi da doki, daga baya aka sayar da shi a bakin taba da barasa. Ya bi ta hannun iyayengiji da dama, Yarabawa irinsa, har aka kai shi Legas aka sayar wa fataken Fotugal, mutanen da suka fito daga ƙasar da ake kira ta Kirista. Mu lura da wannan da kyau. Hannuwan da suka cuci yaron nan sun fito daga kabilu dabam dabam da addinai dabam dabam, domin zunubi ba shi da kabila.

A watan Afrilu 1822 aka sa shi cikin jirgin ruwa tare da bayi fiye da 180. Kafin jirgin ya yi nisa, jiragen yaƙin Ingila masu farautar masu cinikin bayi suka tare shi. Aka kwashe bayin aka kai su Freetown a ƙasar Saliyo, aka 'yantar da su.

Sabon suna, sabon Ubangiji

A Saliyo 'yan mishan na ƙungiyar CMS suka karɓe shi. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi aikin kafinta. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. A 1827 ya shiga kwalejin Fourah Bay cikin ɗalibanta na farko, daga baya ya zama malami. Ya auri Susan Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta.

A nan da ya so da ya zauna abinsa. Yana da aiki, da iyali, da kwanciyar hankali, kuma babu wanda zai zarge shi idan ya ce shi da ƙasar da ta sayar da shi har abada. Amma a 1841, da gwamnatin Ingila ta aika da jiragen ruwa su hau kogin Kwara don neman hanyar kashe cinikin bayi, Crowther ya bi su tare da wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya ba da ransa ga koyon Hausa, daga baya kuma ya juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a wannan tafiya. Daga nan shugabannin CMS suka gane cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara cikin Afirka. Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi limami a 1843.

A 1846 ya isa Abekuta domin aikin bishara. A can ne, bayan shekara 25 da rabuwa, ya sadu da mahaifiyarsa Afala. A 1848 aka yi mata baftisma da suna Hannatu, tana cikin masu bi na farko a garin. Labarin nan yana tuna mana da Yusufu ɗan Yakubu, wanda 'yan'uwansa suka sayar, amma Allah ya juya muguntarsu ta zama hanyar ceton mutane da yawa (Farawa 50:20).

Hidima a bakin Kwara

Crowther ya sake hawa kogin a 1854 tare da Dokta William Baikie, suka shiga har cikin Binuwai. A wannan karo ba wanda ya mutu, saboda sun riƙa shan kwinin. A 1857 ya buɗe aikin mishan na kogin Kwara, aka fara da Anacha, kuma kusan dukan ma'aikatansa 'yan Afirka ne da aka 'yantar a Saliyo. A wannan shekara jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace, suka maƙale fiye da shekara guda. Crowther ya yi amfani da wannan zama ya koyi Nufanci, har daga baya ya wallafa littafin koyon karatu da na nahawun harshen. A 1862 aka yi baftisma ta farko a Gbebe kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, sa'an nan aiki ya kafu a Lakwaja da Eggan. Ke nan mu masu bi na Arewa muna cikin waɗanda suka ci amfanin wahalarsa.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Canterbury. Henry Venn, sakataren CMS, shi ya tsaya kai da fata a kan haka, ko da yake wasu 'yan mishan Turawa sun ƙi yarda su zauna ƙarƙashin baƙin mutum. Saboda haka aka ba shi yankunan da ke can cikin ƙasa, aka bar Turawan Legas da Abekuta ƙarƙashin bishop Bature. Crowther bai nemi wannan matsayi ba, ya ma yi ta roƙo a ba wani. Da aka ba shi kuwa, rayuwarsa ba ta canja ba. Ya ci gaba da yawo cikin kwalekwale, yana kwana inda dare ya same shi, yana zama da tsofaffi yana tattara kalmomi da karin magana domin fassara ta fito da muryar mutane.

Yadda ya zauna da Musulmi

Mutumin da mayaƙa Musulmi suka ƙone garinsu yana da hujjar riƙe su a zuciya, in da ta mutuntaka za a bi. Crowther ya zaɓi ya matso kusa da su. Ya sha zuwa Bida wurin Etsu Nupe Masaba, yana gaishe shi da ladabin da ya dace da sarki, yana kai wa sarakuna da malamai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. Ya kuma nace cewa ma'aikatansa su koyi Larabci domin su iya zama da malamai.

Tun yana saurayi a Saliyo ya gane cewa ana iya kayar da mutum a gardama a kuma rasa shi. Saboda haka a 1872, da aka yi masa tambayoyi a kan Yesu a fadar Sarkin Ilori, bai zagi abin da suka gaskata ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba. Ya buɗe Bisharar Luka inda mala'ika Jibra'ilu ya zo wa Maryamu, ya bar Maganar Allah ta ba da amsa. Amincin da ya gina ya kai har a shekarun 1880 Etsu Maliki na Nupe ya aiko da wasiƙa cikin Hausa, yana roƙon Crowther ya kai kukansa Ingila a kan barasar da 'yan kasuwa Turawa suke shigowa da ita tana lalata mutanensa. Sarki Musulmi ya ga cewa bishop ɗin nan mutum ne da za a ba amana.

Ƙin ramuwa bai sa ya yi shiru a kan mugunta ba. A 1851 ya tsaya gaban manyan gwamnatin Ingila, har da Sarauniya Victoria, ya bayyana ɓarnar cinikin bayi, ya nemi a kawo ƙarshensa. Da cinikin ya yi yaƙi, amma bai nemi jinin waɗanda suka sayar da shi ba.

Rauni daga cikin gida

Gwaji mafi zafi ya zo masa a ƙarshen rayuwarsa. Bayan mutuwar Venn a 1873, ra'ayin Turawa game da baƙar fata ya canja, gama lokacin rabon Afirka ya gabato. Gaskiya ne akwai matsaloli a aikin mishan na Kwara. Tashoshin suna nesa da juna, kuɗi ba su isa ba, wasu ma'aikata kuma sun faɗa cikin zunubi mai muni. Halin Crowther shi ne ya yi wa mai laifi gargaɗi ya ba shi zarafin tuba, wasu kuwa suka ɗauki wannan a matsayin rauni.

Wajen 1890 wasu samarin 'yan mishan suka iso daga Ingila, cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke mai shekara 25, da J. A. Robinson, da F. N. Eden. Brooke da Robinson suna da ƙishin kai bishara ƙasar Hausa, kuma dukansu biyu sun mutu a Lakwaja cikin shekara biyu. Himmarsu ta gaske ce, amma ta haɗu da raini. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anacha a watan Agusta 1890, suka dakatar da limamai 'yan Afirka a gaban bishop ɗinsu, har da ɗansa Dandeson. Cikin ɗan lokaci aka kawar da mafi yawan ma'aikatan da ya yi shekaru yana reno.

Dattijo mai shekara 80, wanda ya fara wannan aiki tun ba a haifi waɗannan samari ba, ya sauka daga shugabancin kwamitin. Ya rubuta wa CMS ya bayyana gaskiyar abin da ya faru, cikin natsuwa, ba zagi. Mutanen Legas da na bakin teku sun fusata ƙwarai, kuma da ya ɗaga yatsa da dubbai sun bi shi sun fice daga ikkilisiya. Abin da ya goyi baya shi ne ikkilisiyoyin Neja Delta su riƙe kansu da kuɗinsu da limamansu, amma su zauna cikin zumuntar Anglikan. A watan Yuli 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891.

Bature aka naɗa a gurbinsa, aka kuma yi kusan shekara 60 kafin a sake ba ɗan Afirka cikakken riƙon dayosis a Nijeriya. A watan Yuni 2014, a bikin cika shekara 150 da keɓe shi, Akbishop na Canterbury Justin Welby ya furta tuba a fili saboda abin da aka yi masa. Allah ya wanke bawansa ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, ramuwa ta Allah ce. Romawa 12:17-21 ta hana mu sāka mugunta da mugunta, ta umarce mu mu ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa. A cikinmu akwai waɗanda aka ƙone wa gida ko majami'a, akwai waɗanda suka binne nasu. Ba mu raina wannan ciwo ba. Muna da 'yancin neman shari'a da kāriya, mu kuma faɗi gaskiya gaban hukuma kamar yadda Crowther ya yi. Amma ranar da muka tare matafiyi a hanya saboda kabilarsa ko addininsa, mun zama irin maharan da suka auka wa Osogun.

Na biyu, girma cikin ikkilisiya hidima ce. Ubangijinmu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza (Yohanna 13). Fasto ko dattijo ko shugabar zumuntar mata da ba ya iya sunkuyawa bai fahimci kiransa ba tukuna.

Na uku, cutar da ɗan'uwa mai bi ya yi mana ta fi ciwo, kuma a nan ne aka fi gwada mu. Ikkilisiyoyi nawa ne suka tsage saboda zaɓe, ko canjin wurin aiki, ko maganar da aka faɗa a taron majalisa? Yesu da aka zage shi bai rama ba, ya miƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya (1 Bitrus 2:23). Bari kowannenmu ya tuna da mutum guda da yake riƙe da shi a zuciya, ya yi masa addu'a da suna a wannan mako, ya kuma nemi wata hanya ta yi masa alheri.

Ya Ubangiji, ka cire ƙullin ramuwa daga zukatanmu, ka ba mu zuciyar bawa irin ta Ɗanka, domin maƙwabtanmu su ga Kristi a cikinmu. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.