William Hanna: Mutumin da ya haɗa kyanwa da ɓera faɗan da ya ƙi ƙarewa

Idan ka tsaya a shagon masu tura fina-finai a waya a Gummi, ko Anka, ko Bukkuyum, da wuya a rasa Tom and Jerry cikin abin da ake tura wa yara. Mussa da kusu ne, kamar yadda ake kiransu a wannan yanki, suna guje-guje kusan ba magana, yaron da bai jin Turanci yana dariya har da hawaye.

Wannan ihun da Tom ke yi idan aka take masa wutsiya, muryar mutum ce. Sunansa William Hanna, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro katun ɗin, kuma sau biyu yana rasa aiki kafin duniya ta san sunansa.

Daga wankin mota zuwa gidan zane

An haifi Hanna ranar 14 ga Yulin 1910 a garin Melrose da ke New Mexico a Amurka. Shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa mai kula da aikin shimfiɗa layin dogo da bututun ruwa ne, don haka iyalin suka yi ta ƙaura kafin su zauna a yankin Los Angeles.

Ya fara karatun aikin jarida da injiniyanci a kwaleji, sai karayar tattalin arzikin 1929 ta tilasta masa barin makaranta. Ya yi aikin gini, shi ma ya kuɓuce, ya koma wankin mota.

A 1930 ya samu shiga kamfanin katun na Harman da Ising. Bai taɓa koyon zane a makaranta ba, amma ba a daɗe ba ya zama shugaban sashen shafa tawada da launi. A 1937 ya koma kamfanin MGM, inda ya haɗu da Joseph Barbera.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi

Barbera gwanin zane ne da ƙulla abin dariya. Hanna kuwa ya san lokaci: daƙiƙa nawa ya kamata Tom ya yi shiru kafin tukunya ta faɗo masa a ka, da inda kiɗa zai shigo. A nan dariyar take.

Fim ɗinsu na farko na kyanwa da ɓera, Puss Gets the Boot, ya fito a 1940. Daga nan zuwa 1958 sun fitar da gajerun fina-finan Tom and Jerry guda 114, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Sai dai da sunan shugaban sashensu, Fred Quimby, aka bayar da kyaututtukan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar da aka rufe ƙofa

A 1957 MGM ya rufe sashen katun baki ɗaya. Talabijin ya shiga gidajen mutane, kamfanin kuma ya lura cewa sake nuna tsoffin fina-finai ya fi yin sababbi arha. Hanna ya haura shekara 45, ga mata ga 'ya'ya biyu, ga ma'aikatan da suka dogara da shi.

Shi da Barbera suka buɗe nasu kamfanin a shekarar. Kwabo suka jefa sama don a san sunan wa zai zo farko, shi ya sa ake cewa Hanna-Barbera.

Matsalar ita ce kuɗi. A MGM ana kashe wa Tom and Jerry na minti bakwai kusan dala 35,000. Gidan talabijin kuwa bai ba su ko dala 3,000 a kan minti biyar na shirinsu na farko, Ruff and Reddy, ba.

Sai suka rage motsi. Maimakon a sake zana jiki gaba ɗaya a kowane hoto, sai a bar gangar jiki a tsaye, baki da idanu kawai ke motsawa. Shi ya sa Yogi Bear ke da kwala a wuya, don ta ɓoye inda aka raba kai da jiki. Idan ana gudu, bango ɗaya ne ke ta maimaituwa a baya. Da wannan dabara, zanen da minti bakwai ke ci ya sauko daga kusan 14,000 zuwa wajen 2,000.

Wasu abokan sana'a sun yi musu ba'a cewa rediyo ne aka manna wa hoto. Gaskiya ne kyawun motsin ya ragu. Amma masu zane da dama da suka rasa aiki sun samu abin yi, labari da murya suka ɗauki nauyin dariyar.

Katun a lokacin kallon manya

A 1960 shirinsu Huckleberry Hound ya zama katun na farko da ya ci kyautar Emmy. A watan Satumban shekarar suka fito da The Flintstones a tashar ABC, labarin wani magidanci mai saurin fushi da matarsa da maƙwabtansu a zamanin dutse. Da dare ake nuna shi, lokacin da manya ke kallo. Ya yi shekara shida da kashi 166, kuma shi ya share hanya ga irin su The Simpsons.

The Jetsons ya biyo baya a 1962, Scooby-Doo kuma ya fito daga kamfanin a 1969. A 1966 suka sayar da kamfanin ga Taft Broadcasting a kan dala miliyan 12, amma suka ci gaba da shugabancinsa.

Kusan shekara 60 suka yi suna aiki tare, duk da cewa ba su cika zumunci a wajen ofis ba. Barbera mai son taron manyan Hollywood ne, Hanna kuwa ya fi son tuƙa jirgin ruwa da fita daji.

Hanna ya rasu ranar 22 ga Maris ɗin 2001 yana da shekara 90, bayan fama da ciwon daji na maƙogwaro. Barbera ya bi shi a Disambar 2006.

Yau matashi a Zamfara na iya haɗa zane mai motsi da wayar da ke aljihunsa, ga kuma Gizo da Ƙoƙi da Botorami a bakin kakanni suna jiran mai zana su. Abin da zai fara kuka da shi, wato rashin kuɗi, shi ne ainihin abin da Hanna ya tarar a 1957.