Louis Pasteur, Ɗan Majemin Da Ya Samo Rigakafin Haukan Kare

An haifi Louis Pasteur a garin Dole na ƙasar Faransa ran 27 ga Disamba, 1822. Ubansa majemi ne. Shi kuwa ilmin sinadarai ya karanta a Faris, ya sami digirin dakta a 1847.

Ta kan dabbobi ya kai ga ceton mutane. A 1881 ya gwada rigakafin ciwon saifa a kan tumaki a bainar jama'a. Waɗanda aka yi wa allura suka rayu, sauran suka mutu. Daga nan ya fuskanci haukan kare, cutar da in alamunta suka bayyana ga mutum, to, da wuya ya tashi. Ƙwayar cutar ta fi ƙarfin madubin zamanin, bai taɓa ganinta ba. Duk da haka shi da Emile Roux suka riƙa busar da lakar zomaye masu cutar har ƙarfinta ya ragu, suka gwada a kan karnuka.

Ran 6 ga Yuli, 1885, aka kawo masa Joseph Meister, ɗan shekara 9, wanda mahaukacin kare ya ciccije. Pasteur ba shi da izinin aikin likita, kuma da yaron ya mutu da sunansa ya ɓaci. Bayan allura 13 yaron ya tsira.

Pasteur ya rasu ran 28 ga Satumba, 1895. Ɗalibai masu binciken cututtukan dabbobi a Zariya da Vom, da malaman dabbobi masu duba shanu a kasuwar Wudil, tafarkinsa suke bi, watau a tare cuta tun tana jikin dabba, kafin ta kama mai ita.